Ɗakin Da Malam Yake Kullewa

Shafi na 19

Salamu alaikum, mutanen gidan nan. Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba, kowa tsine wa Malam Abdulmumin yake yi, har da mai cewa in ba ta lambarsa ta gaya masa magana. To ku ɗan riƙe bakinku ku karanta na yau.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: Zulaihat matar Malam Abdulmumin ce, ma'aikacin ruwa a Tiga, wanda yake jan sallah a masallacin layinsu kafin ya daina. Shekara biyu da suka wuce likitoci a Kano suka ce yana da wata cutar jijiya da suke kira MS, ita ta sa ƙafarsa ta dama ta yi nauyi har ya koma dogara sanda. Yau wata bakwai ke nan da ya kwashe kayansa ya koma ɗakin zaure, ya sa kwaɗo, bai ce mata komai ba.

*

Zulaihat tana durƙushe a bakin rariya tana gyaran kifi ta ji ƙarar faɗuwa daga zaure. Sai ƙarar bokiti ta biyo baya.

Hantsi ne, 'yarsu Sumayya ta daɗe da tafiya makaranta. Babu kowa a gidan sai su biyu.

Ta yar da wuƙar ta miƙe da gudu.

"Malam?"

Ta nufi ƙofar zauren.

"Abban Sumayya, lafiya?"

"Kar ki shigo!"

Ta tsaya cak. Rabon da ta ji ya ɗaga murya haka har ta manta. Ta dubi ƙofar, ta ga a sakaye take, ya zare sakatar. Da alama fitowa zai yi ƙafar ta ci amanarsa.

"Faɗuwa ka yi?"

"Na ce kar ki shigo, Zulai. Ki koma aikinki."

"To tashi ka buɗe in gan ka a tsaye, sai in koma."

Ta ji nishinsa, ta ji sanda ta goga da ƙasa, sannan ta ji ya sake zubewa.

Ta tura ƙofar.

Warin ne ya fara tarar ta. Zarnin fitsari, haɗe da turaren wuta da aka yi ta turarawa don a danne shi.

An lulluɓe katifar da babbar leda. A kusurwa ga igiya an ɗaura, wanduna huɗu a shanye a cikin ɗaki. Ga bokiti a kife, abin da ke ciki ya malale a kan siminti. A ƙarƙashin tebur ta hango ƙunshin famfas irin na manya, an yage bakinsa.

Shi kuma yana ƙasa, ya jingina da bango. Wandonsa ya jiƙe tun daga ƙugu har gwiwa. Ya ja gefen rigarsa yana ƙoƙarin rufewa.

Bai ɗago ya kalle ta ba.

"Kin gani," ya ce a hankali. "Hankalinki ya kwanta. Fita."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Fita na ce."

"Tun yaushe?"

"Zulai..."

"Tun yaushe, Malam?"

Ya runtse ido.

"Tun kafin azumi."

Ta dafa ƙofa. Ta lissafa a ranta. Kafin azumi. Daidai lokacin da ya bar ɗakinta.

"Wannan ne?" ta ce. "Wannan ne ya fitar da kai daga ɗakina?"

"Bai isa ba?"

"Wannan ne ya sa ka daina ba ni wankinka? Ya sa in na kawo maka tuwo ka yi loma biyu ka ture? Ya sa kunun da nake dama maka yake kwana a kofi?"

"In na sha zai fito. Ba ya sallama, Zulai. Kafin in lalubi sanda ya riga ya zubo. Wani lokacin kuma in je banɗaki in tsaya, in tsaya, ya ƙi fitowa sai ɗigo. Ina dawowa in zauna sai in ji ɗumi."

"Shi ne ka daina shan ruwa."

"Me zan yi?"

Ta tako cikin ɗakin, ba ta ko duba inda take sa ƙafa ba. Ta durƙusa gabansa ta kai hannu goshinsa. Ya kauce, amma ta riga ta taɓa.

"Jikinka zafi rau! Zazzaɓi kake yi!"

"Kwana uku ke nan. Zai sauka."

"Kwana uku kana kwance da zazzaɓi a nan, ni ina can ciki ina..."

Sai kawai hawaye suka ɓalle, na baƙin cikin da ta daɗe tana haɗiyewa.

"Ka san abin da na yi ta saƙawa a raina? Ka sani?"

Ta share hawaye da gefen zani.

"Na ce ko wari nake yi. Wallahi na ce ko wari nake yi! Sau uku nake wanka a rana. Babu turaren da ban saya ba. Har Kafin Maiyaki na je ran kasuwa, na rufe fuska da mayafi kamar ɓarauniya, na sayi kayan mata. Ni, Zulaihat! Na tsaya gaban madubi na ce tsufa na yi, ko haihuwa ce ta lalata ni. Na yi kwalliya na zo bakin ƙofar nan na ƙwanƙwasa, ka ce min karatu kake yi."

"Ki yi haƙuri."

"Kar ka ba ni haƙuri! Ka gaya min me na yi maka da ka ga ban cancanci in sani ba!"

A karon farko ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun bushe sun tsage.

"Kin tuna wata La'asar da na dawo daga masallaci da wuri, na ce miki kaina ke ciwo?"

"Na tuna."

"A raka'a ta uku ne. Na yi ruku'u, sai na ji yana bin ƙafata. Sahu huɗu a bayana, Zulai. Dattijan da suka girmi mahaifina. Na jawo na bayana ya ƙarasa musu, na fita na bar takalmina a can. Har yau ban koma na ɗauko ba."

Ya goge fuska da tafin hannu.

"Sun zo har sau uku suna tambaya, na ce ƙafa ce. Suka ce in ja su ko a hankali ne. Me zan ce musu? In ce limaminku famfas yake sawa?"

"Kai ne fa kake karantar da mu ran Asabar," ta ce, muryarta ta sauka. "Da bakinka ka gaya wa tsofaffin layin nan cewa mai yoyon fitsari yana da uzuri, sallarsa ta yi. Ina zaune ka ce Allah bai ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba."

"Faɗa wa wani daban. A kanka daban."

"To limanci ka bari, na ji. Ni kuma fa? Ni ma masallaci ce da za ka bar takalminka ka gudu?"

Ya kawar da kai wajen bango.

"Ba fitsarin kaɗai ba ne."

"Sai me?"

"Cikina ɗaurewa yake. Kwana biyar, kwana shida, babu bayan gida. Ranar da zai zo kuma ba ya jira. Sau biyu yana kama ni a hanyar wurin aiki, a kan acaɓa. Shi ya sa na nemi hutu, ba don ƙafa ba."

"Sai me?"

Ya ƙara jan gefen rigarsa.

"Na san akwai saura, Malam. Shekara goma sha ɗaya muna tare. Sai me?"

Ya kalli igiyar wandunan.

"Ba ni da abin da zan ba ki, Zulai."

"Ban gane ba."

"Kin gane."

Ta sunkuyar da kai.

"Wurin ya mutu," ya ce, da ƙyar ake jin sa. "Kamar ba a jikina yake ba. Daren ƙarshe da na kwana a ɗakinki, kin ɗauka gajiya ce. Da asuba na farka na tarar na jiƙa miki zanin gado. Na naɗe shi na ce shayi ne ya zube. Ranar na ce ba zan ƙara ba."

"Zanin gadona mai ruwan goro. Na neme shi har na gaji."

"Na ƙone shi."

Wata dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka, marar daɗi. Ta toshe baki da bayan hannu.

"Babu maganin ƙarfin mazan da ban sha ba," ya ci gaba. "Na kwalba, na gari, na jiƙo. Sai dai su ƙara min bugun zuciya. Ke kuma yarinya ce, shekararki talatin da ɗaya. Kina da haƙƙi a kaina. Na san hukuncin, ni nake gaya wa mutane."

"Na kawo maka ƙara?"

"Ba sai kin kawo ba."

"Likitan da kake zuwa wurinsa a Kano ya san duk wannan?"

Ya nuna tebur da haɓa.

Ta miƙe. A ƙarƙashin littattafansa ta tarar da wata farar leda ta asibiti. A ciki akwai siraran robobi dogaye, kowace a naɗe a takardarta, ko ɗaya ba a buɗe ba. Akwai kuma kati. A bayansa an rubuta da biro, da Hausa: Ka zo da matarka. A ƙasa ga suna, Sista Barakatu, ga lambar waya.

Ta duba kwanan watan.

"Wata biyar! Wata biyar da aka ce ka zo da ni!"

"Ajiye."

"Waɗannan robobin na mene ne?"

"Na zuƙe fitsari. Wai in riƙa sawa da kaina. Hannun nan da ko maɓallin riga ba ya iya sawa."

"Ni ba ni da hannu?"

"Zulai, ba zan bari ki..."

Ta riga ta ciro wayarta daga ƙugun zani tana danna lambar.

"Kar ki kira! Don girman Allah kar ki tona min asiri!"

"Asirin da ke neman kashe ka?"

Ta sa wayar a amsa-kuwwa. Bugu uku aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Sista Barakatu ce? Sunana Zulaihat, daga Tiga. Matar Malam Abdulmumin ce, mai ciwon jijiya."

"Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Malamin nan mai sanda? Baiwar Allah, ai ke muke ta jira. Ya ce mana kin yi tafiya."

Zulaihat ta kalle shi. Ya sa hannu ya rufe fuska.

"Na dawo," ta ce. "Yau na dawo. Sista, kwana uku yana zazzaɓi, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, kuma ya daina shan ruwa."

"Ya daina me? Yana kusa?"

"Yana jin ki."

"Malam, haka muka yi da kai? Fitsarin yana maka zafi? Ya yi duhu, yana wari?"

"E," ya ce can ƙasa.

"Bayanka fa, wajen kwiɓi?"

"Tun jiya."

"To ku saurara. Yau ɗin nan za ku kawo shi, ba gobe ba. Ga dukkan alamu ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsara, kuma in aka bar ta tana iya hawa ƙoda. Ita ce ma take ƙara kashe masa ƙafar. Ki ba shi ruwa yanzu, kaɗan-kaɗan."

"Sista, wai me ke kawo wannan abin? Ko wani hannu ne aka sa masa?"

"Babu hannun kowa. Ciwon nasa ne. Kin ga wayar wuta in robarta ta zazzage? Haka jijiyoyinsa suke. Saƙo yana tasowa daga ƙwaƙwalwa zuwa mafitsara, sai ya ɓata a hanya. Wani lokaci ta saki ba a ce ta saki ba, wani lokaci ta riƙe. Da aka duba shi mun ga tasa ba ta juyewa duka, shi ya sa aka ba shi roba. In ana zuƙe ragowar a kan lokaci, yoyon yakan ragu sosai. Ba abu ne mai wuya ba, zan koya muku ku biyun, amma kar ku gwada sai na nuna muku."

"Cikinsa kuma ɗaurewa yake."

"Dole ya ɗaure, mutum ba ruwa ba abinci! Ki riƙa ba shi ganye, zogale, kuɓewa, gwanda, wake. Ya sha ruwa da rana, ya rage in magariba ta yi. Goro da shayi mai ƙarfi a sassauta. Kullum in ya karya da safe, ya ɗan jira kaɗan ya je banɗaki ya zauna, ko bai ji ba, har cikin ya saba da lokacin. In ya ƙi, akwai abin da likita zai rubuta."

Zulaihat ta rage murya.

"Sannan... akwai maganar shimfiɗa."

"Zulai!" ya ce da ƙarfi.

"Bar ta ta faɗa, Malam," in ji Sista Barakatu. "Ba kai ne na farko ba, ba kuma kai ne na goma ba. Maza da mata masu ciwon nan da yawa suna fama da shi, kunya ce take hana su magana. Akwai magani, akwai kuma shawarwari, amma sai likita ya zauna da ku tare. Ba zan yi muku alkawarin komai zai koma kamar da ba. Abin da na sani, kowa ya ɓoye ciwonsa, ciwon zai ɓoye shi. Ku taho, ina nan har La'asar."

"Mun gode, Sista. Allah ya saka da alheri."

Ta kashe wayar.



Ta fita. Ya ɗauka tafiya ta yi. Can sai ga ta da kofin ruwa a hannu ɗaya, baho a ɗayan, tawul a kafaɗa. Ta koma ta kawo ruwan ɗumi da sabulu.

"Sha."

Ya kalli kofin kamar guba.

"In ya zubo fa?"

"In ya zubo in goge. Sha."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, sai ya kafa kai har ya shanye. Ruwa yana bin gemunsa.

Ta kai hannu mazugin wandonsa. Ya riƙe hannun.

"Ba zan iya ba, Zulai. Ba zan iya ki gan ni haka ba."

"Ranar da na haifi Sumayya, da jini ya ƙi tsayawa, wa ya ɗauke ni a kafaɗa har bakin titi? Wa ya wanke zannuwan kafin Inna ta iso?"

"Wannan daban."

"Cika ni."

Ya sake ta.

Ta wanke shi tas, tun daga ƙugu har tafin ƙafa. Ta ga inda fatar cinyarsa ta yi ja ta saɓule saboda danshi, ta cije leɓe. Ta goge shi, ta shafa masa mai, ta buɗe famfas ɗaya ta sa masa kamar ta shekara tana yi. Shi kuwa kuka yake, mai sauti, kafaɗunsa suna girgiza.

"Ya isa," ta ce tana sa masa maɓallin riga. "Yau za ka koma ɗakina, da ledarka da bokitinka. Kwaɗon nan kuma a dam zan jefa shi. Bari in kira Surajo ya kawo mota."

Da jin sunan amininsa, sai ta ga fuskarsa ta canza.

"Zulai, tsaya. Kar ki kira Surajo."

"Me ya sa?"

"Akwai abin da ban gaya miki ba."

"Kuma? Me ya rage?"

"Jiya da zazzaɓin ya yi tsanani, na ɗauka tafiya zan yi, ko in ƙare a kwance. Na ce ba zan ɗaure ki da wankin kashi da fitsari ba. Sai na kira Surajo na ba shi..."

Wayarta ta ɗauki ƙara a hannunta.

Ta duba. Baffa Ghali ne, ƙanin mahaifinta da ke Bebeji, wanda ya ba da aurenta. Ba ya kira sai da dalili.

"Kar ki ɗauka," in ji Malam. "Bari in fara yi miki bayani."

Ta ɗauka.

"Baffa, ina kwana?"

"Zulaihatu, kina gidan?"

"Ina nan, Baffa. Lafiya?"

"Shi yana nan?"

"Ga shi a gabana."

"To ki sa mayafinki ki fito daga inda yake. Wani Surajo ya kawo min takardarki da sassafe. Na karanta, na kai wa Liman ya karanta. Ga mu nan a hanya, mun kusa."

"Wace takarda, Baffa?"

Amma ya riga ya kashe.

Wayar ta sulluɓe ta faɗa cikin bahon.

Ta dubi hannuwanta, har yanzu da maiƙon man da ta shafa masa. Ta dubi mutumin da ta gama wankewa. Ya haɗa kai da gwiwa.

"Abdulmumin."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka ɗaura musu aure.

"Ɗago ka kalle ni. Saki nawa ka rubuta?"